Jijiyar Wuyan Sule

Mika'ilu wanzamin Masama ya kafa wa ƙanensa Sule ƙaho a wuya.

A kasuwar Gwandu labari ya iske shi cewa Sule na fama da jiki a Dangoma, can ƙasar Kalgo, inda yake noman shinkafa. Daga nan zama ya gagare shi. Ya bar wani da rabin aski, ya rataya zabira, ya shiga mota.

Ya tarar da Sule jingine da bango, don in ya kwanta numfashi sarƙewa yake. Ƙafafu sun kumbura. A wuyansa jijiya ta taso kamar igiyar guga.

"Yaya, ka sha hanya," in ji Sule yana haki. "Wa ka bar wa kawunan Masama?"

"Su jira. Juyo in gani."

Mika'ilu ya latsa wuyan, ya sake latsawa. "Mataccen jini ne ya taru. Ƙaho zai janye shi."

Dije matar Sule ta durƙusa a bakin ƙofa. "Yaya, a gafarce ni. Mun je asibiti Birnin Kebbi. Likita ya ce zuciya ce ta gaza, shi ya sa jijiyar ta cika. Sun ɗauki hoton wuyan. Ya ce tasa ba irin ta kowa ba ce, ta rabu biyu, reshe guda ya bi ta baya. Maganin da yake sha kuma yana tsinka jini. Ya ce ko reza kada ta kusanci wurin."

"Shi likitan, wa ya yi masa askin suna? Ba wanzami ba?" Mika'ilu ya buɗe zabira. "Tun yana zanin goyo nake riƙe wuyan mutane. Na san inda jijiya take bi, na san inda ba ta bi."

Sule ya dubi matarsa, ya dubi wansa. Mutumin nan shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansu, kuma Sule bai taɓa yi masa musu ba.

"Bari, Dije," ya ce. "Yaya ne."

Ba ganganci Mika'ilu ya yi ba. Ya kauce wa babbar jijiyar, ya koma baya wajen ƙeya, wurin da a wuyan kowa tsoka ce kawai. Ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya cire, ya sa aska.

Jinin ƙaho ɗigowa yake yi. Wannan gudu ya yi.

Ya danne da yatsa. Ya danne da hularsa. Ya yage rigarsa ya ɗaura, ta jiƙe. Ya fita neman mota, ya dawo, ya sake fita, bai san ba takalmi a ƙafarsa ba. Da aka samu motar, shi ya rungumi Sule a baya, yana ta ce wa direba ya ƙara wuta.

Ba su kai Kalgo ba. Sule ya cika, kansa a cinyar wansa.

Jama'a, ku ji. Jijiyar wuya in ta taso tare da haki da kumburin ƙafa, zuciya ce ke neman agaji, asibiti ake kai ta. Kuma Allah bai yi jikin mutane iri ɗaya ba. Wanda ya ga cikin wuya ya ce kada a taɓa, kada girman kai ya sa ku taɓa.

Mika'ilu ya gane haka a ranar, amma a makare. Da aka kawo ruwan wankan gawa, ya naɗe hannun riga ya nufi ɗakin, don shi ne babba, shi ya kamata ya yi. Dije ta tare ƙofa, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Dije, ba ni hanya in sallami ɗan'uwana."

"A'a, Yaya. A kira liman. Ba za ka sake taɓa shi ba."