Tsohon Soja da Likitocinsa Biyu

Saurara ka ji wani misali. An yi wani tsohon soja da ya ajiye kaki ya koma garinsu, amma zuciyarsa ba ta taɓa barin bariki ba. Da furfura ta sauka, hawan jini ya kama shi. 'Yarsa ta sa shi a inshorar lafiya a asibitin garin, tafiyar ƙafa daga gida, ya karɓa don kada ya ɓata mata rai. Amma duk wata sai ya goge takalmi ya hau mota zuwa asibitin bariki. Can aka ciro masa harsashi a cinya yana saurayi, can aka haifi 'ya'yansa duka. A bakin ƙofa kurata na sara masa, a bencin jira kuma ga tsofaffin abokai, ana tuna waɗanda suka rasu, ana tsokanar wanda haƙoransa suka zube. Wallahi rabin maganinsa bencin nan ne. A asibitin gari "Baba" ne kawai a cikin layi, a bariki kuwa har yanzu Saje ne.

To, a nan gizo ke saƙar. Likitan bariki ya rubuta masa ƙwayar hawan jini, na gari ma ya rubuta masa tasa, launi daban, suna daban, amma aikinsu ɗaya. Da likitan bariki ya tambaye shi ko yana karɓar magani a wani wuri, sai ya ce, "A'a, yallaɓai." Tsoro yake kada a ce masa tunda yana da inshora ya zauna can garinsu. Shi ma na gari tsohon ya ɓoye masa zancen bariki, don kada 'yarsa ta ji ta hana shi tafiyar. Ga shi soja ba ya ƙetare umarni: wannan ya ce a sha, wancan ya ce a sha, sai ya riƙa haɗa su yana korawa da koko. Jiri ya fara ɗibarsa, ya ce ai tsufa ne. Wata safiya ya miƙe daga alwala, duniya ta juya masa, ya faɗi a bakin rijiya ƙugu ya karye. Da aka kai shi asibitin gari aka ga ƙwayoyin biyu a aljihunsa, likitan gari ya kira na bariki a waya. Na barikin ya ce da tsohon ya faɗi gaskiya, ƙwaya ɗaya kawai za a soke, ba mai korarsa daga asibitin da ya samu da guminsa. Ƙashin ya haɗu, amma jikin bai ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. Abin tausayi, har ya koma ga Allah bai sake ganin ƙofar barikin nan ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.