Tsarabar Ingila

Muna hawa ganuwar birnin York, Baffa ya tsaya cak, baki buɗe. Daɗi ya kama ni. Ban yi asarar ɗauko mahaifina daga rugarmu ta Ɗansoshiya, tsakar rani, ya zo hutu ba.

"Baffa, ka ga gini ko? Ya girmi kakan kakanka."

Ko kallon ginin bai yi ba. Idonsa na ƙasa, inda wani Bature ke yankan ciyawa koriya shar da inji.

"Shanun wa za a kai wa?"

"Zubarwa za a yi."

Ya sauka da sauri, ya cire hularsa, ya cika ta dam da ciyawar.

"Saniyata mai ciki," ya ce yana dariya, "ita ma ta ɗanɗana Ingila."