Kilishin Damagaram

Malam Ilu ya ɗaga murfin kwanon da yatsu biyu, ya leƙa, ya mayar ya rufe.

"Na ƙoshi, Gwaggo," in ji shi.

Bai ƙoshi ba. Rabonsa da abinci tun kokon da ya sha a Gumel kafin su hau motar da ta tsallaka da su iyaka. Amma ya ga ruwan da aka ɗauraye kwanon da shi, ya kuma ga akuya tana lasar turmin da aka daka kayan miyar.

Shekararsa goma sha ɗaya yana aikin duba-gari. A Gumel, mata na jin ƙararrawar kekensa sai su ruga su zubar da ruwan randa. Ranar Alhamis kuwa shi ke duba nama a kasuwar Maigatari, mahauta na durƙusa masa.

Rufa'i, abokinsa tun suna firamare, malamin makaranta ne a Gagarawa. Ya daɗe yana roƙonsa su je Damagaram su yi kwana huɗu a gidan gwaggonsa Mero, su ga gari. Kullum Ilu sai ya ce babu hali. A hutun sanyi na 1976 kuwa Ilun da kansa ya tayar da maganar, ya kuma zo tasha cikin sabuwar shadda da sabon takalmi.

Tun da suka sauka bai sauke hankici daga hancinsa ba. Warin majema ya tayar masa da zuciya. Mai fura ta share wa ɗanta majina, ta mayar da hannun cikin ƙwarya. Mai shayi ya hura kofi da baki kafin ya zuba. Ga shi kowa ya gan shi da alƙalami a aljihu sai ya ce masa Mushe. Rufa'i ya yi masa bayani cewa kalmar girmamawa ce daga Faransanci, kamar a ce Malam.

"Ko ma daga ina ta fito, kada a sake kirana da sunan abin da ungulu ke ci," in ji Ilu.

Gwaggo Mero ta yanka kaza, ya ce cikinsa. Ta dama kunu, ya ce haƙorinsa. Tsohuwa ta gane, ta daina tambaya. Rufa'i ya ji kunya har ya rasa inda zai sa idonsa.

Washegari, yunwa na juya shi, suka shiga kasuwa. Can kusa da ƙofar fita ya tsaya cak. Wani dogon mutum ne cikin farar riga tas, kilishinsa a cikin akwatin gilashi. Ƙasa a share, an yayyafa ruwa. Ba ƙuda ko ɗaya. Da cokali mai yatsu yake ɗaukowa, ya naɗe a farar takarda.

Ilu ya duba farcen mutumin, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya gutsuri kaɗan ya tauna a hankali. Yaji ya yi yawa, kanumfari da citta sun kusa danne ɗanɗanon naman, amma ya gyaɗa kai.

"Ka gani, Rufa'i? Mutum ɗaya tak a garin nan ya san tsabta."

Daga nan kilishin Dogo ya zama abincinsa, safe, rana da yamma, da burodi. A tsakar gidan Gwaggo Mero yake zama ya buɗe takardarsa, tuwonta na hucewa a gefe. Ya miƙa wa Rufa'i, Rufa'i ya ce shi dai tuwon gwaggonsa ya ishe shi.

Rana ta biyu ya ci karo da wani direba ɗan Sule Tankarkar da zai bi ta Gumel. Ya sayi babban ƙunshi ya ba shi ya kai masa gida wajen matarsa Larai, wadda ke da cikin wata bakwai, nama kawai take sha'awa.

Rana ta uku cikinsa ya fara murɗawa. Sau biyar ya zaga bayi, yana toshe hanci, yana fitowa yana tsine wa rijiyar unguwar. Ya tsaya a kan Gwaggo Mero ya yi mata lacca a kan tafasa ruwa, ita kuwa tana tsefe auduga, ba ta ɗago ba.

Ranar komawa ya ce sai ya biya ta wajen Dogo ya yi guzuri. Dogo na cikin naɗe masa, sai aka ɗaga labulen buhu na bayan rumfar. Wani gajeren mutum ya fito yana goge hannu a riga. Ya'u ne, ɗaya daga mahautan Maigatari. Da ganin Ilu ya zube ƙasa yana washe baki.

"Ranka ya daɗe! Ashe kai ne baƙon da wana ke ta ba ni labari? Kai, shaddar ta karɓe ka!"

Ilu ya kau da kai. Rufa'i ya dube shi, ya dubi mahaucin.

Ya'u ya juya wajen ɗan'uwansa. "Dogo, kada ka karɓi ko sisi a hannun wannan bawan Allah. Ba don shi ba, da yanzu tana cikin rami." Sannan ya matso, ya sassauta murya. "Kilishin ai na saniyar nan ne da ta kwana biyu a mace, ranka ya daɗe, wadda ka ce mu tsallaka da ita tunda mutanen can ba su san tsabta ba."