Rijiyar Gado da Ciyawar Ado

Ka ce da an gama gininka za ka shimfiɗe tsakar gidan da ciyawar ado, irin ta manyan otal. To, gyara zama in ba ka wani misali kafin ka kira masu dashe.

Wani mutum ne ya gama aikin gwamnati a babban birni, ya dawo garinsu, ya rushe gidan gado ya yi ginin zamani. Abu ɗaya ya bari, wato rijiyar da marigayi mahaifinsa ya haƙa sadaka a ƙofar gida, wadda duk unguwar ke sha. Sai ya sa aka kawo masa ciyawa daga Kudu aka shimfiɗa kamar darduma, ya zura injin jan ruwa a rijiyar, safe da yamma ana yi wa ciyawa wanka. Ni dai ban taɓa ganin 'yar gata irinta ba. Ba a taka ta, ba a shanya a kanta, duk mako a yi mata aski, tunkiya kuwa in ta leƙo sai ta sha jifa. A garin da ake rububin harawa, ga mutum yana noman ciyawa don kallo kawai! Damina ta rufa masa asiri. Da bazara ta kama, ruwan rijiya ya fara ja da baya. Mata suka ƙara igiya, suka sake ƙarawa, har ranar da guga ya fito da taɓo zalla. Kowa ya ji nauyin yi masa magana, aka koma ɗibar ruwa a rafi mai nisa. Sai wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda ta goye shi yana jariri, ta shigo da gugan taɓon ta dire a gabansa. Ta ce, "Ba wurinka na zo ba, ɗan nan. Magajiya na zo gaisarwa, an ce ciyawar nan ce ta gaji rijiyar Malam." Ta juya ta fita abinta.

Kunya ta kama shi har ya kasa cin abinci ran nan, don ya ga da hannunsa yake kashe sadakar ubansa. Washegari ya cire injin, ya wangale ƙofa, ya aika a sako tumaki da awakin unguwa. Ɗanyar ciyawa a tsakiyar bazara, ai dabbobin nan sallah suka yi, kwana uku suka share wurin tas. Daga nan bai nemi shawarar masu sayar da furanni ba. Kufan ƙauyen kakanninsa ya nufa da tsakar rana, inda aka shekara talatin ba wanda ya zuba wa komai ko moɗa ɗaya. Duk abin da ya tarar da ganye a cikin wannan zafi, shi ya ɗebo iri ko reshensa: kurna, magarya, lalle da aguwa. Ya haɗa da zogale. Tsohuwar nan ta ba shi tulunan da suka cika tsattsafo, waɗanda ba mai saye. Ya binne su iya wuya a gindin dashe, a cika su a rufe da kasko, su yi kwanaki suna jiƙa saiwa a hankali. Sauran filin ya lulluɓe da tsakuwa da ɓawon gyaɗa. Wurin alwala ya mayar gindin lalle, sau biyar a rana yana samun rabonsa ba tare da an ja masa guga ba. Abokansa na birni da suka kawo ziyara suka yi ta dariya, wai ya mai da gida daji. Ya taya su dariyar, ya sa aka yashe rijiya.

A shekara ta uku ruwan sama ya makara, aka yi bazarar da ta gigita kowa. Famfo ya ɗauke, ciyawar manyan gidaje ta ƙone ƙurmus. Tsakar gidan mutumin nan kuwa kore shar, ga inuwar kurna, ga ƙamshin furen lalle, ga zogale ana ta kwaɗo har da maƙwabta. Rijiya ta tsaya da ruwanta garai-garai, layi tun daga ƙofar gida har bakin titi, da mutanen wasu unguwanni a ciki. Wata rana mai gidan yana zaune a zaure sai wani matafiyi ya tsaya, wanda bai san shi ba, bai kuma san mahaifinsa ba. Aka miƙa masa guga ya sha ya ƙoshi, ya wanke fuska, ya ce, "Allah Ya jiƙan wanda ya haƙa rijiyar nan." Layin nan gaba ɗaya ya amsa da amin. Mai gidan ya amsa tare da su, hawayen farin ciki na zuba masa, bai ko damu ya share ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.