Kwantenar da Ta Ƙi Tashi Ranar Kasuwar Mai'adua

"Ta sake mutuwa!" Sabiru ya buga tebur.

Kwantenar, wato keɓaɓɓen gurbin cikin kwamfuta da manhajarsa ke gudana a cikinsa, ta ƙi tashi tun safe. Ga shi yau kasuwar Mai'adua ke ci, dillalan shanun mahaifinsa, Alhaji Zailani, da manhajar suke tura hotuna ga masu saye a Kudu. Alhajin da kansa yana tsaye a kansa, wayarsa sai ruri take.

"Na ce maka a bar mu da yadda muka saba, ka ƙi."

"Baba, jiya lafiya lau take! Sabuwar saba kawai muka koma."

Ya zargi netwok, ya zargi masu sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ya goge komai ya sake ginawa. Saƙon da na'urar ke nunawa bai canja ba: ba a san wannan mai shiga ba.

Sai ya buɗe saitin da kwantenar ke karantawa kafin ta tashi, wanda matarsa Fadila ta kwafe masa jiya. A gurbin sunan mai shiga, inda ya kamata a ga "zailani", an rubuta "baba".

"Fadila! Mene ne wannan?"

Ta leƙo, ta ga Alhaji, ta durƙusa.

"Haba, Abban Ikilima. Sunan surukina, gatsau, da hannuna?"

Sabiru ya buɗe baki zai yi faɗa, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Kai kuma kar ka taɓa abin da ta rubuta. Na'urar ce ba ta da tarbiyya, ita za ka gyara."