Gilashin da Ke Gumi

"Ɗaga labulen nan in ga Amurka," in ji Inna, tana matso da fuskarta a bidiyon waya.

Labulen kuwa atamfar da ta ba ni ce ranar tafiyata. Tun da na rasa ɗakina a unguwar Glenwood nake kwana a wannan mota mai gado a baya, a bayan wani kanti a titin Wendover. Na toshe tagogin da kwali, na rufa atamfar a kai don Inna ta ɗauka ɗaki ne. In na sauke gilashi ko kaɗan, mai gadi zai gane da mutum a ciki, ya kore ni. In na rufe, gilashin ya kwana yana gumi, har bargona ya fara warin danshi.

"Ke nake jira fa."

Na yaye atamfar, na ɓamɓare jiƙaƙƙen kwalin. Gilashin ya yi fari fat, ruwa na gangarowa.

"Ikon Allah! Ita ce dusar ƙanƙarar da ake faɗa?"

"A'a, Inna," na ce. "Numfashina ne. Bai samu hanyar fita ba."