Tsohuwar da Aka Hana Zuwa Gona

Kana mamakin yadda jini zai cika da sojoji, ciwo kuma ya kayar da mutum? Ai a jiki akwai ƙwayoyin da ke hango cuta, akwai masu ƙera mata makami daidai da ita, sannan akwai wani ɗan sinadari da ba shi da aiki sai kai labari tsakaninsu. Kada ka raina shi. Saurara.

Wani magidanci yana da gonar rogo a hayin rafi, ita ce cimar gidansa ta shekara. Ƙanensa ɗaya na zaune can a bukka yana gadi, ko nan da can ba ya zuwa saboda birai. Ɗayan maƙeri ne a gari, shi ke ƙera tarkuna. Gwaggonsu, wata tsohuwa mai surutun tsiya, ita ke kai tuwo gona, ta dawo ta tsaya bakin maƙera ta ce, "Sawun gafiya ne, a yi ƙanana," kashegari ta tafi da su. Magidancin nan ya tsani zirga-zirgar. Wai ba ta noma, ba ta ƙira, sai yawo da baki da taɓa tuwo a hanya. Kai, ji rashin kunya, matar da ta goye shi! Ya aika wa mai gadi buhun gari ya riƙa tuƙawa da kansa, ita kuma ya ce ta zauna ta ja carbi. Har yana ganin ya yi dabara.

Sai beguwa ta faɗo gonar. Mai gadi ya tsinci ƙayarta, ya yi ihu har muryarsa ta dishe, to wa zai ji shi a hayi? Maƙeri kuwa ga gawayi, ga ƙarfe, ga ƙarfin dantse, yana ta bugun tarkon gafiya, don labarinta ne ya ji na ƙarshe. Magidanci kan wuce ya ga tarkuna jibge, ransa fes. Ranar tono ya kora jakuna zuwa gona, ya tarar da ramuka da karan rogo a kwance. Wallahi abin da ke ƙona min rai, babu wanda ya yi lalaci cikin ƙannen nan! Magidancin ne da bakinsa ya yanke abincin 'ya'yansa. Ya koro jakunan gida wayam, yara suka tarye shi da kwanduna.

Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.